Yadda na kori danshi daga ƙarƙashin daɓen gidana

Alhamdulillahi, warin ruma ya bar gidan. Daɓenmu na katako ne, a ɗage yake daga ƙasa, akwai ɗan sarari a ƙarƙashi wanda sai da rarrafe ake shiga. Daga can warin ke tasowa, funfuna ta kama katakai, na'urar auna danshi tana nuna kashi 80.

Da farko na zargi bututun ruwa, amma babu yoyo. Buɗe ƙofofin iska da ke jikin bangon sararin kuwa ƙara abin ya yi, domin iska mai ɗumi da laima idan ta taɓa katako mai sanyi sai ta zama raɓa. Ashe ƙasar ce da kanta ke fitar da tururi.

Na sa takunkumi da safar hannu, na kwashe guntayen katako da kwali, na kankare funfunar da buroshi. A waje na ƙara wa indararo tsawon mita 2, na cike gindin bango da ƙasa ya gangara don ruwan sama ya nisanci gidan.

Abin da ya yi aikin shi ne leda mai kaurin milimita 0.15. Na shimfiɗe ta ko'ina a kan ƙasar da ke ƙarƙashin daɓen, kowane gefe ya hau kan ɗan'uwansa da santimita 30, na liƙe da tef, na ɗaga ta jikin bango da ginshiƙai na manne. Siririyar leda ɓata lokaci ce, gwiwa kaɗai za ta yage ta.

Sannan na toshe ƙofofin iskar, na kunna na'urar tsotse danshi a kan kashi 50, tiyonta na zubarwa waje. Yanzu awo bai wuce 55 ba, funfuna kuma sai ya haura 60 take samun wurin zama.