Yadda na gyara rsync da ke cinye faifan saba

Babban faifan saba (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, wato server) ya cika maƙil, rumbun bayanai ya ƙi karɓar rubutu. Da na buga df -h, umarnin da ke nuna cikar faifai, sai na ga /, wato babban faifan, a kashi 100, faifan ajiya na /mnt/ajiya kuwa bai ma fito a jerin ba.

Ashe bayan an sake kunna sabar, sunan faifan ya sauya daga /dev/sdb1, kuma zaɓin nofail da ke cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da za a ɗora, ya bar ta ta tashi shiru ba tare da shi ba. Shi rsync, manhajar da ke kwafe fayiloli zuwa faifan ajiya, ba ruwansa: ya tarar da foldar /mnt/ajiya a kan babban faifan, sai ya yi ta zuba kwafi ciki kowane dare.

Na fara share kwafin da ya taru kafin in ɗora faifan, domin da zarar ya hau, zai rufe su, wurin kuma ya ci gaba da zama a cike. Sannan na ɗauko UUID, lambar shaidar faifan da ba ta sauyawa idan an sake kunnawa, da umarnin blkid na sa a fstab a maimakon /dev/sdb1.

A saman rubutun umarnin da ke kunna rsync na ƙara mountpoint -q /mnt/ajiya || exit 1, domin ya tsaya idan faifan bai hau ba. Foldar kuma, tun tana wofi, na kulle ta da chattr +i, yadda ko root, mai cikakken iko a sabar, ba zai iya rubutu cikinta ba sai faifan ya hau.