Yadda Ake Fito da Hanyar Kwarmata Bayanai Fili a Shafin Intanet na Ma'aikata

Tun a Disambar 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, zamanin minista Kemi Adeosun, ta ƙaddamar da tsarin kwarmata bayanai, wato kai rahoton almundahana ga hukuma. Bayan wata huɗu EFCC ta gano fiye da dala miliyan 43 a wani gida da ke Ikoyi a Legas, kuma tsegumi ne ya kai ta wurin. Amma yau ka buɗe shafin intanet na ma'aikatu da dama, hoton shugaba da jawabin maraba ne za su tare ka. Inda za a kai rahoton almundahana kuwa, sai wanda ya yi naci. Ga yadda jami'in da ke kula da shafin hukuma zai gyara wannan.

Mataki na farko, ka sa shi a shafin farko, daga sama. Maɓalli guda mai launi daban, wanda zai riƙa fitowa a kowane shafi. Kada a cusa shi ƙarƙashin sashen tuntuɓa, balle cikin takardar PDF mai shafi arba'in. A Amurka doka ce ma: tun 2008 aka wajabta wa hukumomin tarayya su sa mahaɗi kai tsaye daga shafinsu na farko zuwa ofishin babban sufeto mai bincikar ɓarna. Mu ba sai mun jira doka ba, aikin yini ɗaya ne.

Na biyu, sunan maɓallin. Yawancin ma'aikatun tarayya suna da sashen yaƙi da rashawa da ake kira ACTU, wanda ICPC ke sa wa ido. To amma masinja ko ɗan kwangila me ya sani game da ACTU? Rubuta abin da mutum ya zo yi: "Kai rahoton cin hanci ko almundahana". A sa da Hausa da Turanci, da sauran harsunan masu hulɗa da hukumar.

Na uku, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci: shafin da zai buɗe idan an danna. Wanda ya zo nan a tsorace yake. Ƙila akawu ne da ya ga sunayen ma'aikatan bogi a takardar albashi, yana dubawa a wayarsa da daddare bayan iyali sun kwanta, yana tunanin abincinsa. Kafin ya rubuta harafi ɗaya yana son amsar tambaya huɗu: wa zai karanta, za a san ni ne, me zai biyo baya, kuma wa zai tsaya mini idan aka juyo kaina? Ka amsa su a gajarce, a sama, kafin fom.

Ka faɗi gaskiya game da kariya. Tsarin 2016 manufa ce ta gwamnati, ba dokar majalisa ba, saɓanin Ghana da ta yi dokarta tun 2006. Duk da haka akwai abin dogaro. Sashe na 27 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya kare ma'aikacin gwamnati da ya fallasa saɓa doka, ko zamba, ko wawurar dukiya, matuƙar yana da hujjar yarda da abin da ya faɗa. Dokar ICPC ta 2000 ita ma ta tanadi sakaya sunan mai ba da bayani, ta kuma tanadi hukunci ga mai ƙaga ƙarya da gangan. Rubuta duka biyun, kariyar da hukuncin. Shafin da ya yi alkawarin "cikakkiyar kariya" alhali ba ta hannunsa, ya tura mutum rami ne kawai.

Haka batun tukuici. Tsarin 2016 ya ce za a ba mai kwarmato kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, da sharaɗin bayanin ne ya kai ga ƙwato su, kuma ba wanda gwamnati ta riga ta sani ba ne. A bayyana sharaɗin ɓaro-ɓaro, don gudun rigima daga baya.

Na huɗu, fom ɗin ya zama gajere: me ya faru, a ina, yaushe, su wa, sai wurin ɗora hoto ko takarda. Suna da lambar waya su zama na ganin dama, kuma kada a ce sai an yi rajista. Da mutum ya tura, a ba shi lambar da zai riƙa bibiyar ƙorafinsa da ita ba tare da ya bayyana kansa ba. Wata 'yar shawara da ake yawan mantawa: a gargaɗe shi kada ya yi amfani da kwamfutar ofis ko imel ɗin aiki.

Na biyar, ka nuna masa wasu ƙofofin. Idan wanda ake zargi shi ne mai gidan, wa zai kai ƙara cikin gida? Sa mahaɗin EFCC da na ICPC, da na Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975. A Kano a ƙara da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta jiha. A gaban kowacce a yi layi ɗaya da ke faɗin irin ƙarar da take karɓa. Shugabanni ba su cika son wannan matakin ba, ka shirya musu hujja.

Daga nan sai gwaji. Nemo ƙaramar wayar Android mai tsagaggen gilashi da ɗan guntun data, ka miƙa wa direba ko mai gadi, ka ce ya nemo inda ake kai rahoto. Kada ka nuna masa komai, kallo kawai. Idan ya danna fiye da sau biyu bai isa ba, a koma a gyara. Ka kira lambar da aka rubuta ka ji ko tana shiga, ka tura saƙon gwaji ka ga kwana nawa za a yi kafin amsa. A sanya wannan gwajin cikin aikin kowane wata uku, a kuma rubuta ranar da aka yi shi a ƙasan shafin.