Yadda Ake Jinya a Gida Idan Cuta Ta Fi Ƙarfin Magani

Idan likita ya ce cuta ta fi ƙarfin magani, kamar sankarar da ta bazu a jiki, iyalai marasa hali sukan koma gida da majinyacinsu suna zaton babu sauran abin yi sai jiran lokaci. Akwai abin yi, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa ta rage wa majinyaci wahala kowace shekara, amma kashi 14 cikin ɗari kawai ke samunta.

Abu na farko shi ne raɗaɗi, domin wanda zogi ya hana shi barci ba ya iya cin abinci ko ibada. Kafin a bar asibiti, a roƙi likita ya rubuta maganin ciwo tare da lokutan shansa, sannan a riƙa bayarwa bisa agogo, kada a jira sai mara lafiya ya fara nishi. Idan farasitamol ya gaza, a tambaya a asibitin koyarwa ko akwai mofin na ruwa, wato maganin ciwo mai ƙarfi, wanda galibi ake sha duk bayan awa huɗu. A Uganda, ƙungiyar Hospice Africa mai kula da irin waɗannan majinyata ta fara haɗa shi da araha tun 1993, tana kai wa talakawa har gidajensu. Tsoron kamuwa da shaye-shaye yana sa wasu su hana majinyaci wannan magani, kuma a ganina wannan cutarwa ce, tunda an ba shi ne bisa awon likita. Sai dai yana sa taurin bayan gida, saboda haka a karɓo maganin sassauta ciki tare da shi, a kuma kulle shi inda yara da matasa ba za su kai ba.

Wanda ba ya iya motsi, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu, ana duba ƙugu da kwankwaso da dunduniya, domin jan da bai gushe ba a waɗannan wurare shi ne farkon gyambon kwanciya. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zani mai laushi, a canza zanin da zarar ya jiƙe, a shafa man kaɗe a fatar da ta bushe. Miki mai wari a wanke shi da tafasasshen ruwan da ya huce, mai ɗan gishiri. Ma'aikatan jinya sukan barbaɗa masa niƙaƙƙen Flagyl don kashe warin.

Kada a yi masa ɗure. Cokali biyu na kunu da ya sha yana zaune sun fi kofi guda da zai sarƙe shi. Idan haɗiya ta gagara, a riƙa jiƙa leɓɓansa da tsumma mai tsabta.

Idan ya tambayi halin da yake ciki, a gaya masa gaskiya cikin taushi, domin ya samu damar yin wasiyya da biyan bashi da neman gafara. 'Yan dubiya su taƙaita zama, dangi kuma su raba kwana a tsakaninsu, kada a bar wa mace ɗaya jinyar dare da rana. Ko ya daina magana, a ci gaba da yi masa magana da addu'a kusa da kunnensa, domin mai yiwuwa yana ji.