Darasi na 9: Minti Ashirin a Kullum

A makonnin farko na kowane ajin manya, wurin zama ba ya isa. Kowa ya zo da sabon littafi da fensir, ana ta zumuɗi. Bayan wata biyu sai a fara ganin gurbi nan da can. In aka bi sawun wanda ya daina zuwa, amsarsa kusan ɗaya ce: "Kaina ba ya ɗauka, na tsufa." Wannan magana tana da ciwo, domin mafi yawan masu faɗinta kansu lafiya lau yake. Tsarin da suka bi ne ya ci amanarsu, kuma tsari abu ne da ake iya gyarawa.

Mu fara da lissafi

Ga ɗalibai biyu. Na farko yana buɗe littafinsa minti 20 kowace rana. Na biyu yana jira sai ranar hutu, ya zauna awa 2 da minti 20 a zama guda. Ku lissafa: 20 sau 7 ya ba da 140, wato awa 2 da minti 20 daidai. Lokacin da suka kashe ɗaya ne. Amma in aka gwada su a ƙarshen wata, na farko ne zai fi riƙe abin da ya koya.

Dalilin haka ba sabon abu ba ne. A shekarar 1885 wani masani ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sannan ya auna abin da ya rage masa bayan awa ɗaya, bayan kwana ɗaya, bayan wata guda. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a awowin farko, daga baya ta lafa. Ya kuma gano abin da ya fi shafarmu: jerin da ya buƙaci maimaitawa sau 68 a rana ɗaya, sau 38 kawai ya isa in aka raba maimaicin a kwana uku. Aikin ya ragu kusan rabi, sakamakon bai ragu ba.

Ma'anarsa gare ku ita ce, harafin da aka koya muku yau, in kun waiwaye shi gobe, za ku same shi bai yi nisa ba. In kun bari sai bayan kwana bakwai, kusan sabon koyo za ku yi. Barci ma yana da nasa aikin, domin a cikinsa ƙwaƙwalwa ke ƙara kafa abin da aka koya da rana. Mai karatu kullum yana samun wannan taimako dare bakwai a mako. Da yayyafi kogi kan cika.

Ɗaura karatu a jikin wani aiki

Niyya ita kaɗai ba ta isa. Babban mutum yana da iyali, da sana'a, da gajiya, kuma "in na sami lokaci" ba ta taɓa zuwa. Abin da ke aiki shi ne a ɗaura karatun a jikin abin da dama ake yi kullum ba fashi: da an gama cin abincin safe, ko da an rufe wurin sana'a, ko da yara sun kwanta. Littafi da fensir su zauna a wuri ɗaya, inda ido zai gan su. Wannan ƙaramar dabara ce, amma neman fensir na minti biyar ya ishi mai gajiya ya ce sai gobe.

Yaushe abin zai zama jiki? Masu bincike a wata jami'a a Landan, ƙarƙashin jagorancin Phillippa Lally, sun bi mutum 96 na tsawon mako 12, kowa ya zaɓi sabuwar ɗabi'a guda yana yin ta kullum. A matsakaici, kwana 66 aka ɗauka kafin ɗabi'ar ta zama ana yin ta ba tare da tursasa kai ba. Wasu kwana 18 suka ishe su, wasu kuma an ƙiyasta za su kai kwana 254. Don haka in maƙwabcinku a aji ya saba da wuri ku kuma har yanzu kuna fama, babu wani abin da ya lalace. Ku lura kuma cewa wata biyun nan da ake fara guduwa daga aji, shi ne lokacin da da yawa ke dab da sabawa.

Ranar da aka yi fashi

Za a yi fashi. Rashin lafiya zai zo, baƙi za su zo, tafiya za ta taso. Binciken nan ya nuna cewa tsallake rana ɗaya bai rushe sabon da ake ginawa ba. Abin da ke rushe shi kunya ce: mutum ya rasa kwana uku, ya ji nauyin malami da 'yan aji, sai kwana ukun su zama wata uku. Ku dawo kawai. Kada ku ce sai kun rama duk abin da ya wuce a zama ɗaya. A ranar da abubuwa suka cuɗe, ku rubuta layi ɗaya tak, ko ku karanta kalmomi biyar. A hadisin da Nana A'isha ta ruwaito, an ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Batun tsufa kuwa, Kimani Maruge na ƙasar Kenya ya shiga aji ɗaya na firamare a 2004 yana da shekara 84, ya zauna tare da yara sa'annin jikokinsa. A 2005 ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ilimi kyauta.

Aikin wannan mako

A shafin ƙarshe na littafinku, ku ja layi ku yi gida bakwai, ku rubuta sunan rana a saman kowane gida, daga Litinin zuwa Lahadi. A ƙasa ku cike wannan jimla da hannunku: "Zan yi karatu minti 20 kullum bayan na ________." Duk ranar da kuka yi, ku sa alama a gidanta. Minti biyar na farko na bitar darasin jiya ne, goma na sabon karatu da murya, biyar na ƙarshe na rubutu.

Sannan ku lissafa: in mutum ya yi minti 20 na kwana 30, minti nawa ke nan? Awa nawa?

Ga malami: a zama na gaba, a fara da duba gidajen nan bakwai. Wanda ke da gurbi, a tambaye shi abin da ya hana a ranar, a taya shi canza lokacin in bai dace da shi ba. A haɗa ɗalibai biyu-biyu, in ɗaya bai zo aji ba ɗayan ya neme shi kafin zama na gaba.