Kurakuran masu neman tsohuwar fistol mai araha a Amurka

A shagunan sayar da bindigogi na Amurka akwai wani sashe da sababbin shiga ba su cika tsayawa a kai ba, amma tsofaffin hannu can suke fara nufa. Nan ake jera ƙananan bindigogin da sojoji da 'yan sandan Turai suka gama amfani da su aka kwaso aka kawo: Makarov, Tokarev, CZ 82, Star, Walther P1, Beretta 92S. Dukansu irin waɗanda ke ɗura wa kansu harsashi ne, ka ja kunama sau ɗaya ta tashi sau ɗaya, ba kamar libarba mai juya ganga ba. Yawancinsu ƙarfe ne tsantsa, suna da tarihi, kuma kuɗinsu yakan gaza na sabuwa. Wannan arahar ce take rufe wa mutane ido. Wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya san zancen: kuɗin da ka miƙa ranar ciniki shi ne mafi sauƙi a cikin lissafin.

Kafin a kai ga ƙarfen, sai an wuce takarda, kuma a nan 'yan uwanmu mazauna can suka fi yin tuntuɓe. Dokar 1968 ta hana dillali mai lasisi sayar da fistol ga wanda bai kai shekara 21 ba. Za ka cike fom mai lamba 4473, a bincika sunanka a rumbun gwamnati. Mai katin zama na dindindin yana iya saya, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, asalin hukuncinsa hani ne, sai 'yan togaciya kaɗan. Kuma kowace jiha da nata: abin da za ka gama cikin awa guda a Texas, a New York sai ka nemi izini tukuna, ga kuma ƙa'idar magazin, wato gidan harsashi, kada ya wuce harsashi goma, wadda California ma take da ita. Kuskuren da ya fi muni shi ne na kunya irin tamu: aboki ya ce takardunsa ba su cika ba, ka saya masa da sunanka. Wannan laifi ne da ake ɗaure mutum a kai. Haka nan cusa ta cikin mota ko kwantena a tura gida. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin jerin haramtattun bindigogi, ba a riƙe ta sai da lasisin shugaban ƙasa. Wanda ya yi haka ya karya dokar ƙasa biyu a tafiya ɗaya.

To, ka wuce wannan. Kuskuren farko na ainihin ciniki shi ne zaɓen bindiga kafin a tambayi abincinta, wato harsashin da take ci. Mutum ya ga an rubuta "9mm" ya ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Akwai 9x19, wanda ake samu a kowane shago kuma ya fi kowanne araha. Akwai 9x18 na Makarov, wanda ya fi shi gajarta amma ƙwayarsa ta ɗan fi kauri. Akwai 9x17, wanda Amurkawa ke kira .380. Ba a sa wani a madadin wani, ko da ya shiga ya zauna kamar nasa. Makarov da CZ 82 da P-64 ta Foland duk 9x18 suke ci. A da harsashinsa yana zuwa da yawa daga Rasha da arha, amma tun da Amurka ta sa takunkumin shigo da harsashin Rasha a 2021, lissafin ya canza. Tokarev kuma nata 7.62x25 ne, wanda sau da yawa sai ka yi oda ta intanet. Gyaran mai sauƙi ne: kafin ka taya bindiga, duba kuɗin kwali goma na harsashinta ka haɗa da farashinta. Idan harbi a fili kake so kowane mako, nemi mai cin 9x19, kamar Beretta 92S ko Star BM ko Walther P1. Idan ajiya da sha'awar tarihi ne, to ba laifi.

Harsashin ma da kansa yana da nasa tarko. Tsofaffin na soja da ake sayarwa cikin gwangwani, musamman na Tokarev, da yawansu suna barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi. Gishirin yana jawo danshi, kwana biyu sai tsatsa. Man goge bindiga ba ya narkar da shi. Ruwan zafi ne maganinsa, a wanke a ranar, a busar sosai, sannan a shafa mai. Ni kaina na taɓa jinkirta wankin mako guda don gajiya, da na leƙa bututun sai na ga ya yi ja kamar tsohon kwano. Ɗaya ɓangaren kuma shi ne masu sayen harsashi mai ƙarin ƙarfi, wanda ake rubuta wa +P, su ɗura wa bindigar da ta girmi iyayensu. Walther P1 gangar jikinta alminiyom ce, shi ya sa daga baya ma aka ƙara mata wani ƙarfe mai kusurwa shida don ƙarfafa ta. Ba ta buƙatar a gwada ƙwanjinta.

Sai maganar kayan gyara, inda Star take koya wa mutane darasi. Kamfanin, na garin Eibar a Sifen, ya rufe a 1997. Star BM bindiga ce mai daɗin riƙo, mai kama da ƙaramar Colt 1911, tsohuwar fistol ɗin sojan Amurka, amma ranar da allurarta mai bugun gindin harsashi ta karye ko abin fizgo kwanso ya tsage, za ka yi ta yawo a kasuwar tsofaffin kaya. Kada kamannin ya yaudare ka, kayan 1911 ba sa shiga jikinta. Haka magazin: Zastava M57 ta Yugoslabiya 'yar gidan Tokarev ce, amma mariƙinta ya fi tsawo, tana ɗaukar tara maimakon takwas, don haka magazin ɗin TT-33, wato Tokarev ta asali, ba ya yi mata. Beretta 92S kuwa maɓallin sakin magazin ɗinta yana can ƙasan mariƙi, ba kusa da kunama ba kamar na ƙanwarta Beretta 92FS, sai magazin mai tsaga a ƙasa ne zai kama. Ka nemi magazin biyu ko uku tun ranar saye. Yawancin cijewar da ake ɗora wa tsohuwar bindiga, magazin ne ko sifirin da ya gaji. Sauya sifirin ɗin ja da baya ba shi da tsada, kuma shi ya kamata ya zama aikin farko.

Akwai kuskuren da yake ba ni dariya, don mai ilimi ne yake cin ribarsa. Mutum ya haska tocila cikin bututun CZ 82, ya ga sumul babu zanen nan mai murɗawa, ya ce ai an harbe ta har ta cinye, ya ajiye. Alhali haka aka ƙera ta: cikin bututun mai kusurwoyi ne masu laushi, ba mai tsagi ba. Fentin baƙin da ke jikinta ma yana ɓarewa da wuri, sai ta yi kama da wadda ta sha wuya, nan kuwa yawancinsu a kube suka yi rayuwarsu. Tana ɗaukar harsashi 12, kunamarta tana da laushi. A ganina tana cikin waɗanda suka fi cancantar kuɗinsu, in ka yarda da maganar 9x18.

Akasin haka shi ne ruɗuwa da ƙyalli. Tsohuwar bindiga da ta yi baƙi wul tana sheƙi, a tambaya ko an sake mata launi. Duba rubutun jikinta da tambarin masana'anta: idan gefunansu sun dushe kamar an goge da sanfefa, to an taɓa ta, kuma darajarta a wurin masu tarawa ta faɗi. Duba lambobin da ke kan gangar jiki da marfin sama ko sun dace da juna. Wanda zai saya ta intanet daga hotuna biyu masu duhu, cinikin biri a sama yake yi. Ka nemi hoton cikin bututu, ka kuma tuna cewa fistol da aka saya daga wata jiha ba gidanka za a kawo ta ba, sai ta bi ta hannun dillali mai lasisi a jiharka, shi ma da ladansa, ga kuɗin aike. Wani lokaci waɗannan biyun kaɗai sun cinye arahar. Don kauce wa wannan, masu tarawa da gaske sukan karɓi lasisin kayan tarihi, dala 30 na shekara uku, wanda ya shafi bindigogin da suka haura shekara 50, amma dokar jiha tana nan a kansa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne ɗaukar tsohuwar ƙira kamar ta zamani wajen kariya. TT-33 ta asali ba ta da makullin sefti, sai rabin ɗana guduma kawai, wato ƙarfen baya da ke dukan allura. Makullin da kake gani a jikin waɗanda ke kasuwar Amurka an liƙa shi ne don cika sharaɗin shigo da kaya, kuma ingancinsa ya danganta da wanda ya yi aikin. CZ 52, wata tsohuwar fistol daban da CZ 82, tana da maɓallin sauke guduma wanda, idan ya cinye, yana iya tayar da harsashi. Allurarta kuma tana karyewa idan ana ɗana ta babu komai a ciki. Makarov allurarta ba ta da sifirin, yawo take a raminta, don haka idan busasshen giris ɗin ajiya ya maƙale ta a gaba, tana iya tashi da zarar marfi ya rufe. Duk wadda ta zo cikin wannan giris mai kauri, sai an warware ta an wanke har ramin allura, a girgiza marfin a ji tana ƙara. Sannan a kai wa mai gyaran bindiga ya duba kafin harbin farko, kuma ranar farko a sa harsashi ɗaya ko biyu kawai a magazin. A gida kuma, akwatin ƙarfe mai makulli yana cikin kuɗin bindiga, balle gidan da yara ke shiga kowane ɗaki.

Saura masu cewa su dai sai babban suna: Colt 1911 da sojan Amurka ya riƙe har 1985, ko Browning Hi-Power ta Beljiyom ta 1935 mai cin 13. Na asali masu kyau sun daɗe da barin layin araha, kuma wadda ka samu da arha ƙwarai akwai dalili. In ƙirar kake so ba tambarin ba, akwai Hi-Power ta FEG daga Hangari, akwai sababbi na Girsan daga Turkiyya, akwai 1911 na Tisas da Rock Island. Sai dai a FEG ɗin ma a lura, don wasu samfuran kamannin waje kawai suka ɗauko, cikinsu daban ne, kuma kayan Browning ba za su zauna musu ba. Ka tambayi lambar samfurin kafin ka zaro kati.