Kifi mai zuma: kurakuran da ke sa ya ƙone, ya yi ɗaci ko ya dagargaje

A ƙasashen Turai da Amurka da kifin salmon aka fi yin wannan girki, kifin ruwan sanyi mai jan tsoka da yawan maiƙo, wanda ƙasar Norway ta yi fice wajen kiwonsa. A nan sai a manyan kantunan birni ake ganinsa, da tsada. Amma girkin yana karɓar kifinmu sosai. Tarwaɗar kogin Haɗejiya, karfasar madatsar Tiga, giwan ruwa in an dace da shi, har da kifin ƙanƙara irin su titus, wanda shi ne ya fi kusa da salmon wajen maiƙo, duk suna yi. Cikin minti ashirin, tsakanin magariba da isha'i, an gama. Sai dai uwargida da yawa in ta gwada sau ɗaya ta ga kasko ya yi baƙi, kifi ya yi ɗaci, ba ta ƙara komawa.

Babban kuskuren shi ne zuba zuma tun da farko. Mun saba mu cakuɗa kifi da duk kayan haɗinsa, mu bar shi ya tsumu, sannan mu jefa a mai. Zuma ba ta jure haka. Irin sukarin da ya fi yawa a cikinta yana fara canza launi tun zafi bai wuce digiri 110 a ma'aunin Celsius ba, alhali kaskon da zai soya kifi yana kaiwa 180 ko fiye. Kafin cikin kifin ya nuna, bayansa ya zama gawayi, ƙauri ya cika tsakar gida. Gyaran shi ne a raba aikin gida biyu. Kifi ya soyu da gishiri da yaji kawai, zuma kuwa ta shigo a minti biyun ƙarshe, bayan an rage wuta.

Ga haɗin da ya ishi rabin kilo na kifi, wato gunduwa huɗu masu kaurin yatsa biyu: zuma babban cokali 2, ruwan lemon tsami cokali 1, ruwa cokali 2, tafarnuwa sala 3 da ɗanyar citta kamar kan babban yatsa a daka su lukui, dakakken barkono rabin ƙaramin cokali, sai dunƙulen ɗanɗano guda a murmushe. A haɗa su a kofi a ajiye kusa da murhu tun kafin a ɗora kasko, domin in kifi ya hau wuta babu sauran lokacin daka. Idan babu lemon tsami, ruwan tsamiya mai kauri cokali 2 ya wadatar, wasu ma sun fi son sa da tarwaɗa. Kada dai a bar tsamin gaba ɗaya. Zuma ita kaɗai a kan kifi mai maiƙo gundura take yi, loma uku mutum ya ture kwano. In zumar da ke hannu ba a yarda da ita ba, gara a goga mazarƙwaila cokali 2 a narkar da ita a ruwan ɗumi.

Kuskure na biyu yana faruwa ne tun a wajen wanki. Tarwaɗa tana da yauƙi, kuma muddin yana jikinta, zuma zamewa za ta yi ta koma gindin kasko. A murje ta da toka ko gishiri da lemon tsami, ko a kwara mata ruwan zafi na ɗan lokaci a kankare farin da ya taso. Ruwan kada ya zama tafasasshe, kada kuma ta zauna a ciki, fatar za ta saɓule. Wajen fede ciki a yi hattara da matsarmama, ƴar jakar nan mai koren ruwa da ke manne da hanta. In ta fashe a kan tsoka, ɗacin ba ya fita ko an zuba zuma kwalba guda, sai dai a yanke wurin da ya yi kore a yar.

Bayan wanki sai tsanewa, kuma a nan ne gaggawa take cutar mai girki. Kifin da ya shiga mai da ruwa a jikinsa dahuwa yake yi da tururi, ya fantsalo mai, ya manne. A zuba shi a kwando ya ɗiga, sannan a danna kowace gunduwa da tsumma mai tsabta har sai hannu ya ji ta bushe. Kifin ƙanƙara kuma kada a narkar da shi da ruwan zafi ko a shanya shi a rana. A ƙulle shi a leda a nutsa a ruwan randa, a sauya ruwan bayan rabin awa, kafin awa guda ya saki. Lemon tsamin da ake jiƙa kifi da shi don kashe ƙarni ma yana da iyaka: minti goma ya isa, in ya daɗe tsokar tana yin fari ta yi laushi, a kasko sai ta watse.

Mai babban cokali 2 kawai ake buƙata, man gyaɗa ya fi. Wadda ta cika kasko da mai kamar za a yi ƙosai, zumarta ba za ta kama kifi ba, yawo za ta yi a cikin mai. A bari man ya yi zafi har in an jefa ɗan yankan albasa ya yi ƙara nan take. A jera kifin ta ɓangaren fata, da tazara a tsakaninsu, sannan a ƙyale shi. Minti huɗu cur, ba taɓawa, ba leƙawa. Kifi da kansa yake sakin kasko in ya yi ɓawo, don haka in an sa cokali aka ji yana riƙewa, a ƙara masa rabin minti. Juyi ɗaya ne, ɗaya ɓangaren ya samu minti biyu zuwa uku.

Yanzu ne za a rage wuta. Mai gas ko risho ta murɗa ƙasa. Mai icce ta janye itacen ya rage garwashi kawai, mai kurfoti kuma ta sauke kaskon ƙasa ta ƙirga ashirin kafin ta zuba haɗin, sannan ta mayar gefen da gawayi bai yi ja sosai ba. A tsiyaye man da ya yi yawa, a zuba haɗin a gefen kifin, a riƙa ɗibarsa da cokali ana yarfa masa a kai. Da farko zai yi ƙananan kumfa masu sauri kamar ruwa. Da zarar kumfar ta zama manya tana fashewa a hankali, cokali kuma in an ja shi a gindin kasko yana barin hanya, a sauke. Yana ƙara kauri in ya huce, wadda ta jira ya yi danƙo a kan wuta alewa za ta tarar a faranti. In ya riga ya yi kauri fiye da kima amma bai yi baƙi ba, ruwan zafi cokali 1 zai dawo da shi. In ya yi baƙi, a kwashe kifin a wanke kasko a sake sabon haɗi.

Don a san kifin ya nuna, a soka bakin cokali a wurin da ya fi kauri, kusa da ƙaya. Tsokar ta rabu sala-sala, ta zama fara har ciki, babu jini. Mai ma'aunin zafi ta nemi digiri 63. Kifin kogi da na dam lallai ya nuna har ƙashi, kada a kwaikwayi masu barin tsakiyar salmon da saura. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa ba a ba shi zuma ko an dafa ta, sai a cire masa nasa kafin a zuba haɗin.

A ci shi da zafinsa, da farar shinkafa ko dafaffen dankalin Hausa, da kwaɗon zogale a gefe saboda ya yanke zaƙin. Kaskon kuma a zuba masa ruwa tun yana da ɗumi, in zuma ta sandare a ciki sai an sha kankara da safe.