Yadda malami zai sa a buɗe masa shafin da matatar intanet ta toshe

Matatar intanet ta makaranta, wato manhajar da ke toshe wasu shafuka, ba ta bambance malami da ɗalibi sai an gaya mata. Kuma ba ɗaya bayan ɗaya take duba shafuka ba, rukuni-rukuni take rufewa: na hira, na sada zumunta, na musayar fayil. Shi ya sa Padlet ko Miro, da malamai ke haɗa darasi a kai, kan faɗa tarkon da ba don su aka ɗana ba.

Da farko ka tabbatar matatar ce. Kashe waifai ɗin makaranta a wayarka, ka gwada da data. In shafin ya buɗu da data ya ƙi da waifai, ka gano mai laifi. Sai ka ɗauki hoton sanarwar da ta fito, domin yawanci tana nuna adireshin da kuma rukunin da aka jefa shi.

Mataki na biyu shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Manhajar haɗin gwiwa, wato wadda mutane da yawa ke aiki tare a kanta, ba a adireshi ɗaya take zaune ba. Ana iya buɗe maka docs.google.com, takarda ta fito, amma hotuna su ƙi bayyana saboda googleusercontent.com ko gstatic.com na nan a rufe. Zoom kuma yakan bar ka ka shiga taro, murya da bidiyo su yi ta yankewa, don an toshe ƙofofin sadarwa (UDP 8801 zuwa 8810) da yake bi. Google da Microsoft da Zoom duk suna wallafa jerin abin da ya kamata a buɗe a shafukansu na taimako. Nemo jerin ka haɗa da buƙatarka, ka rage wa mai kula da kwamfutoci wahala.

Na uku, rubuta buƙatar, kada ka tare shi a baranda. "Intanet ba ya aiki" ba ta kai kowa ko'ina. Ka faɗi sunan manhajar, ajin da za ta yi wa amfani, ranar da kake buƙatarta, da ko ɗalibai za su yi rajista da sunayensu. Wannan ta ƙarshen ita ce ainihin damuwarsa, tunda shi za a tuhuma in bayanan yara suka fita. Ka sanya shugaban sashenku a cikin wasiƙar.

In abin yana yawan faruwa, ku haɗu ku nemi a ware wa malamai nasu rukunin a matatar, wanda za su riƙa shiga da asusunsu na aiki. Yawancin matatu na iya hakan. Ko a Amurka, dokar CIPA ta 2000 da ta wajabta tacewa ga makarantun da ke karɓar tallafin kuɗin intanet na E-rate ta yarda a ɗage wa baligi matatar don bincike ko wani halastaccen aiki.

VPN kam, wato manhajar da ke zagaye matatar, bar shi. Zai buɗe maka yau, amma akasari ya saɓa wa ƙa'idar makaranta, kuma ɗalibanka na nan a toshe.

Da zarar an ce an buɗe, gwada a kwamfutar aji da asusun ɗalibi tun kafin ranar darasin.